Luguden Goggo a Tashar Birni

Ranar da aka kai Goggo makwancinta, gidanta na Masanawa ya kasa ɗaukar jama'a. An shimfiɗa tabarmi har bayan rumbuna. Mata suna shigowa da sallama ƙasa-ƙasa, su durƙusa su ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya," su matsa su ba na baya wuri. An zo daga Getso inda aka haife ta, an zo daga Kabo, abokan aikina malaman makaranta ma sun ciko mota guda daga Gwarzo. Ni 'yar ƙaninta ce, kuma a ɗakinta na tashi, saboda haka a bakin ƙofarta aka zaunar da ni, duk wadda ta shigo da ni take farawa.

Kusan babu wadda ta yi mata addu'a ba ta haɗa da talbijin ba. "Allah ya jiƙan mai talbijin," haka suke cewa, sai ka ce sunanta na yanka. Wata ta ce a ɗakin nan ta fara ganin Ka'aba da idonta, ana ɗawafi. Wata ta ce da ta yi yaji tana amarya, nan ta gudo, Goggo ta zaunar da ita gaban akwati ta miƙa mata ƙwaryar fura, ba ta tambaye ta komai ba sai da ta huce. Aminiyar Goggo kuwa, wadda tsufa ya riga ya cinye mata kunne, ba ta gaisa da kowa ba. Ta wuce kai tsaye wurin tsohon turmin da ke kife a gindin bango, ta dafa shi, ta ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, "Mu uku muka yi luguden nan. Saura ni."

Can sai wata daga dangin mijin Goggo ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "Allah ya yafe mata. Ita dai ba ta da aibi sai son kallon kanta. Shekara da shekaru, kullum la'asar sai ta zauna ta kalli kanta a akwati. Ko amarya ba ta kallon madubi haka." Aka yi dariya, irin dariyar gidan makoki da ke fitowa tare da majina. Ba da mugunta ta faɗa ba, duk garin haka suka sani. Amma ni maganar ta tsaya mini a wuya.

Bayan addu'ar uku na sami Baba a zaure shi kaɗai, carbi a hannu. Shi ne ƙanin Goggo, kuma malamin makarantar allo a Getso tun ban san kaina ba. Na ce, "Baba, kun ji abin da ake cewa. Ina so in rubuta yadda abin yake." Ya ajiye carbin. Sannan ya ce, "Ta riƙe kunyarta har kabari, ta sauke nauyinta. Ke ba a ɗora miki ba. Rubuta."

To ga shi ina rubutawa.

A shekarun da aka buɗe tashar talbijin ta birni, mu nan ko wutar lantarki ba mu da ita. Labari kawai muka ji, wai gwamnati ta gina wani gida mai dogon ƙarfe, inda ake tura hoton mutum ta iska. Wata kaka sai ga farar mota ta tsaya a bakin gonar mijin Goggo. Mutane suka fito da na'ura a kafaɗa, suka ce suna yawon ɗaukar yadda ake aiki a ƙauyuka, don sabuwar tashar ta jama'a ce, suna so jama'a su ga kansu a ciki. Goggo da ƙawayenta biyu suna sussukar gero a lokacin. Mai gona ya ce ba komai, su ɗauka. Goggo, da ba a raba ta da tsiya, ta ce wa ƙawayen, "Tunda birni za a kai mu, kada a kai mu da dakan ragwaye." Suka shiga lugude, wannan ta saka taɓarya wannan ta cire, a cilla ta sama a tafa a cafe, turmi yana amsawa. Mutanen suka ɗauka suka tafi, aka manta da su.

Ashe hoton ya yi wa masu tashar daɗi. Lokacin ba yini ake ana watsa shiri ba, sai bayan la'asar ake buɗewa. A sa taken ƙasa, a yi addu'a, sai luguden Goggo ya biyo baya kafin mai sanarwa ya yi sallama. Kullum haka. Samarin da ke zuwa gidan kallo a Kabo suka dawo da labari, wai sun ga Goggo a akwati. Ta ce, "Ni da nake ganin kaina a ruwan randa kyauta, me zai kai ni Kabo?" Ba ta je ba. Abin da ya dame ta kawai shi ne tsokanar aminiyarta, wadda ta je ta gani ta dawo tana cewa a tsakiyar luguden Goggo ta yi tuntuɓe, ta kusa kuskure taɓarya, kiɗan ya ɗan karye. "Gwanar Masanawa guda, kin ga na'ura kin rikice, kin ba mu kunya a idon duniya." Goggo takan ce ƙarya ce, gumi ne a tafin hannu.

Dole nan in kawo maganar ɗan farinta, don ba a fahimtar Goggo sai da shi. Irin tarbiyyar da aka yi musu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta ɗaga ido ta kalle shi a gaban mutane. Ana yaye shi aka kai shi Getso wurin kakarsa, a hannun Baba ya yi karatu har ya sauke. Goggo ba ta taɓa cewa "ɗana" ba. "Mutumin Getso" take ce masa. In ya zo taya su aikin kaka, yakan durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu. In ta dama fura mai kyau sai ta ce da ni, "Kai wa mutumin Getso, kada ta lalace," alhali duk gidan mun san dominsa aka dama. 'Yan matan da ta haifa daga baya ta goye su, ta yi musu kitso, ta zage su, ta yi musu waƙa. Shi ko kafaɗarsa ba ta taɓa dafawa ba tun da ya fara tafiya.

Ya zama saurayi, har an fara maganar aurensa, sai sanƙarau ya kama shi a wata bazara. Aka aiko Goggo ta je Getso. Ta zauna a tsakar gida, jingine da bangon ɗakin da yake kwance, ba ta shiga ba. Mata suka ce ta shiga, ta ce kakarsa na ciki, ya isa. A nan zaune aka fito aka gaya mata. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, aka yi ta yabon kawaicinta har garuruwan maƙwabta. Ina yarinya a lokacin, ni ma na ɗauka abin yabo ne kawai, ban san abin da yake ci ba.

Bayan wasu watanni muka je suna a Gwarzo, gidan wani ɗan'uwa mai talbijin. La'asar ta yi, aka kunna. Karo na farko ke nan da Goggo ta ga luguden. Mata suna ta shewa suna nuna ta, ita kuwa ta ƙura wa akwatin ido. A bayan masu dakan, can wajen damman gero, wani saurayi yana wucewa da jaki, ya shigo ta wannan gefe ya fita ta wancan. Ba wanda ya kula da shi, kowa taɓarya yake kallo. Da muka dawo gida, kasuwar da ta biyo baya Goggo ta kora tumakinta duka aka sayar. Ta sa aka sayo mata ƙaramar talbijin mai baƙi da fari, da batirin mota, da eriya da aka ɗaure a kan doguwar gora a bayan ɗakinta.

Tun daga ranar ta zama mai talbijin. Ita da kanta take juya gorar, ba ta yarda kowa ya taɓa, tana daga waje tana ƙwala mana kira, "Ya fito?" mu ce, "Saura kaɗan!" ta ce, "Ku dai ba ku da ido." Mun yi nisa da birni, hoton bai taɓa fita tas ba, kullum da yayyafi a fuskarsa. Da ta sallame la'asar za ta jawo kujerarta 'yar tsugune har gaban gilashin, kusa ƙwarai, ta ce kowa ya yi shiru. Luguden na wucewa sai ta miƙe ta bar wa matan unguwa sauran, wasan kwaikwayo ne ko wa'azi, ita ta koma kan tuwonta. Ɗakinta ya zama wurin taruwar matan da ba sa fita ko'ina. Ba ta taɓa karɓar ko ƙwayar gyaɗa a hannun kowa ba. Doka ɗaya ce da ita, a cire takalmi, kuma ba a gulma akwati na kunne, wai mutanen ciki suna ji su kai birni.

Baba ne abin bai yi wa daɗi ba. Ya zo takanas daga Getso, ko ruwa bai sha ba ya fara.

"Yaya, matar aure, 'yar gidan malamai, kullum a idon duniya? Har a teburin mai shayi kallonki ake yi. Bai isa ba, sai da kika sayar da dabbobinki kika kawo abin cikin ɗaki? Zan shiga birni in ce su cire."

Goggo tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "In ka je ka gaishe su. In ka dawo kuma kada ka biyo ta nan."

"Haka kika ce?"

"Haka na ce, Malam ƙarami. A bayana ka yi fitsari, rawaninka ba zai ba ni tsoro ba."

Bai je birnin ba, amma damina guda cur bai tako Masanawa ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, sai dai wannan saɓanin ya daɗe har dangi suka fara magana. Da kaka ta yi ya zo, da niyyar ya yi mata nasiha ta ƙarshe. Ya iso daidai an fito daga sallar la'asar. Goggo ta ce, "Zauna tukuna, an kusa buɗewa." Ya zauna a bakin ƙofa, ya ba akwatin rabin baya. Aka yi take, aka yi addu'a, turmi ya fara amsawa. Ban san abin da ya sa ya waiga ba. Na ga dai carbin ya tsaya a hannunsa lokacin da jakin ya shigo. Shi ya koya wa mai jakin nan alif da ba, ko a cikin yayyafi ba zai kasa gane tafiyarsa ba. Ya dubi yayarsa, ita kuwa idonta na can bayan masu daka, ba ta ko ƙiftawa. A wurin nan ni ma na gane, don idon Baba na bi.

Da aka gama ta rufe akwatin da ƙyalle, ta kawo masa fura. Ya sha, ya yi gyaran murya, ya ce, "Batirin nan, wa yake kai muku caji?" Daga ranar har wuta ta iso garin, a bayan kekensa batirin yake zuwa Gwarzo ya dawo. Ba su taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya.

Tarihin tashar nan, in an tambaye ni, a bakin Goggo na koye shi. Sojoji suka karɓi mulki, aka sauya mata suna, aka sauya mai sanarwa, luguden yana nan. Goggo ta ce, "Su canza hula, kan namu ne." Farar hula suka dawo, aka sake wani sunan, aka ce yanzu wata hukuma ce ke riƙe da ita. Ta ce, "Riƙo dai, ai ni ma na riƙi 'ya'yan mutane." Da surukinta ya sayo mata talbijin mai launi, ranar ta fara sanin cewa rigar mutumin Getso shuɗiya ce a hoton, ta yini tana fara'a ba wanda ya san dalili. In ana gardamar siyasa, ana cewa tashar ta jam'iyya kaza ce ko ta gwamna wane, sai ta ce, "Ku yi ta yi. Wa ake fara gani in an buɗe? To tashata ce." Jikoki suka riƙa tsokanarta da Hajiya mai gidan talbijin, tana amsawa da "Na'am, wa ke neman aiki?"

Sannan aka ba wasu 'yan kasuwa hayar tashar. Wata la'asar Goggo ta jawo kujera, ta zauna, sai ga wani tambari yana juyawa da kiɗan na'ura, aka wuce talla. Ta ce eriya ce. Ta fita ta juya gora, ta dawo, ta sake fita, da tsufanta da ciwon gwiwarta. Washegari ma haka. Da na zo daga Gwarzo ƙarshen mako na tarar ta rame, abinci sai an yi da gaske.

Na ce, "Goggo, ba eriya ba ce. Sababbin masu tashar ba sa rufewa yanzu, dare da rana suke yi. Tunda ba a rufewa, babu buɗewa."

Ta ce, "Gidan da ba a rufewa, ta ina baƙo zai yi sallama?"

Ina shafa mata man zafi a gwiwa a ranar, da hantsi, gidan ba kowa. Sunan mahaifiyarsu ita da Baba aka sa mini, shi ya sa "Uwata" take kirana. Ta ce, "Uwata, na san kin sani, kin kuma yi shiru, Allah ya yi miki albarka. Na haifi mutum, ban san fuskarsa ba sai a akwatin nan." Ta ƙara da cewa, "Ranar da ya wuce da jakin, wata zuciyar tana ce mini na ɗaga ido na kalle shi. Wata tana ce mini ban ɗaga ba, son rai ne kawai. Shekarun nan duka abin da nake leƙe ke nan, yayyafin nan ya hana ni gani. Ina so in sani kafin in je in same shi. In ban taɓa kallonsa ba ko sau ɗaya, da wane ido zan tare shi?"

Na ci gaba da shafa man, hawayena yana ɗiga a kan ƙafarta, ta yi kamar ba ta ji ba.

Satin da ya biyo baya muka shiga mota a Kabo sai birni. Ta sa zanenta na Makka, ta ƙulla daddawa da kuka a leda, wai ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. A bakin ƙofar tashar ta ɗaga kai ta kalli dogon ƙarfen, ta ce, "Ashe gorarsu ta fi tawa." Aka kai mu wurin wani matashin manaja, mai ladabi, ya tashi ya ba ta kujerarsa. Bai san luguden ba, lokacin da aka ɗauka ba a haife shi ba. Na yi masa bayani iyakar abin da zan iya faɗa, na ce hoton tsohuwar ne take so ta sake gani.

Ya ce, "Wallahi Hajiya, matsalar ita ce, ginin nan na gwamnati ne. Na'urorin na kamfaninmu ne. Tsofaffin kaset ɗin kuma suna can sito, da aka yi yarjejeniya ba wanda ya ambace su. Mu ba namu ba ne da za mu bayar, su kuma can in kin je za su ce suna hannunmu. Ni kaina ban san wa zan tambaya ba."

Goggo ta saurare shi har ya gama. Ta gyara mayafi, ta ce, "Yaro, na ji naka. Gini na gwamnati, ƙarafa na kamfani, Allah ya sanya alheri. Amma turmin da ke cikin hoton nan nawa ne. Geron na mijina ne. Jakin ma namu ne." Ta dafa ƙirjinta. "Wanda yake jan jakin kuma ɗana ne. Ɗana na fari, ya rasu. To a cikin abin nan, wanne ne naku?"

Tun da nake ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba. Sai ga shi ta faɗe ta a ofishin baƙo, a gaban wanda bai kai jikanta ba. Manajan ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce, "Babu namu, Hajiya. Ki ba ni lokaci." Ta tura masa ledar daddawar, ta ce ya kai wa uwarsa.

Ya cika alkawari, amma abin ya ɗauki lokaci. Sai da aka tono kaset ɗin cikin ɗaruruwa marasa suna, sannan aka shiga neman na'urar da za ta iya karanta irinsa, don an daɗe da daina yin su. Yakan kira ni ya ce an samu wata amma ta lalace, ana neman mai gyara. Kafin nan idon Goggo ya fara rufewa. Likita a Gwarzo ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar ce ta gaji. Na ji haushin duniya a lokacin, na ji haushin kamfani da gwamnati da na'ura, har da al'adar da ta jawo wannan duka. Goggo ta ce in bar zagin al'ada, ita ta raine mu. Duk zuwan da zan yi, bayan gaisuwa sai ta ce, "Mutanen tashata sun yi magana?"

Ranar da hoton ya shigo wayata ina aji. Ban buɗe ba. Na nemi izini, na hau babur har Masanawa. Na same ta a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa da lalube. A lokacin ko hasken ƙofa da ƙyar take bambancewa.

Na ce, "Goggo, ya zo."

Ta kakkaɓe zanenta, ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar za ta karɓi baƙo. Ta ce, "Zauna nan. Ke ce idona."

Na kunna. Hoton ya fito tas, babu yayyafi ko ɗigo. Ga Goggo da ƙuruciyarta, doguwa, gumi yana sheƙi a goshinta. Turmi ya fara amsawa, ta karkata kunne, yatsunta suna bin kiɗan a kan gwiwa. Ta san shi kamar Fatiha. Can ta ce, "Yanzu zai shigo." Sai ga kan jakin.

"Ya shigo, Goggo. Shuɗiyar riga, ya naɗe hannunta. Dogo ne, irin tsayinki. Yana da wushirya."

"Wushirya," ta maimaita a hankali. "Ni fa? Duba ni."

Na mayar baya, na sa ido a kan fuskarta. Ta cilla taɓarya sama, ta tafa. A daidai lokacin da taɓaryar ke sama, lokacin da idon kowa yake kanta, idon Goggo ya bar ta ya tafi gefe, ya sauka a kan mai jakin, ya bi shi. Taɓaryar ta dawo ta kusa kuɓuce mata, kiɗan ya karye, ta cafe da ƙyar. Tuntuɓen nan ke nan da aminiyarta ta shekara da shekaru tana yi mata gori a kai.

Na ce, "Kin kalle shi, Goggo. Wallahi kin kalle shi. Shi ya sa kika kusa yar da taɓarya."

Ta juyo da fuskarta wajena. Sannan ta ce, "Shi fa? Ya gani?"

Na sake mayarwa, don ba zan gaya mata abin da ban gani ba. Kansa a sunkuye yake, yadda ɗan fari ke wucewa gaban uwarsa. Amma daidai karyewar kiɗan ya ɗan saci kallo ta gefen ido, kafin ya fita daga hoton kuma bakinsa ya buɗe, har wushiryar ta bayyana.

"Ya gani. Dariya ma yake yi miki."

Goggo ta ce, "Ja'iri." Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kukan da ba ta yi ba a tsakar gidan Getso. Na riƙe ta har ta gama. Da ta share fuska ta ce in sake sa mata. Kiɗan yana zuwa wurin karyewar sai ta kira sunansa, sunansa na yanka, a hankali, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Baba ya ba ni izinin rubuta komai, amma wannan sunan ba zan rubuta ba, nata ne.

Ba ta ƙara tambayar mutanen tasharta ba. Kafin a gama girbin bana ta tafi, da rana tsaka, bayan ta sha fura ta ce za ta ɗan kishingiɗa.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo, wadda ta buɗe ɗakinta ga duk wadda ba ta da wurin zuwa. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka mayar mata da ganinta. Ka haɗa ta da mutumin Getso a inda babu surukai babu idon jama'a, ta kalle shi har ta ƙoshi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.